Melkias Tokoro, Mai Zanen Jakadu Marasa Kunne

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, matarka Dorkas ta aiko mini cewa ka cika. Melkias, shekara talatin da biyar muna maƙwabtaka a nan garin Vanimo, ni ke jeme maka ɓawon itace, kai kana zane a kai. Yau kwana tara ke nan kana ɗakin ajiyar gawa, na kasa cika maka alkawari.

Kana saurayi ka gudo daga garinku Sentani lokacin tashin hankali, ka ƙetaro iyaka ba takarda. Can suka ce ka fita ba izini, nan suka ce kai baƙo ne. Zanenka ya je ƙasashe shida, kai ko kasuwar bakin iyaka ba ka isa ka taka ba.

Ba na manta zanenka na taron shugabanni: manyan mutane cikin kwat, sun kewaye tebur suna yanka tsibirinmu da wuƙar cin abinci, kowa da ƙaton baki. Wani jakada ya tsaya yana dariya, ya ce, "Dattijo, ka manta ba ka yi musu kunnuwa ba."

Ka tofar da jan yawun goro, ka ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani na zana."

Ya saya, ya rataye a ɗakin cin abincinsa. Ranar ka sayi kifi da kuɗin, ka raba wa yaran unguwa, amma ni na ga ba ka ci ba.

Abu ɗaya ka roƙe ni: in ka mutu, in kai ka gida bakin tafkin Sentani, kusa da kabarin mahaifiyarka. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, wa zai tare gawa? Ashe wauta na yi. Ofishi biyu na yi ta zarya, na can da na nan, kowanne na cewa in kawo hatimin ɗayan. Wallahi har ihu na yi musu, ba wanda ya ɗago kai.

Ƙanwarka Yakomina da ke can ta ɗebo ƙasar kabarin mahaifiyarku a gwangwani, masu duba kaya a bakin iyaka suka ƙwace, wai ƙasa ba ta ƙetare iyaka. Ta koma gida. Jiya sai ga ta ta shafe fuska da hannuwa da lakar ƙasar kabarin, yadda matanmu ke yi in suna makoki, ba kuma wanda ya iya tare ta. Tana shigowa ta ce mini, "Yaya, kawo cokali, kada ta zube." Muka kankare lakar cikin ƙoƙon kwakwa, bai ko cika rabi ba.

Gobe za mu binne ka a nan, mu zuba maka ita a ƙirji. Iyakar abin da na iya ke nan, ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya karɓe ka inda ba a tambayar takarda. Dorkas, Yakomina da sauran dangi na can da na nan, Allah ya ba mu haƙuri.