Idon Oga Adigun da Ɓargon Sumayya

Shekara ashirin da shida Oga Adigun ya yi a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Jos, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba". Haifaffen Bukuru ne, ɗan tela, amma in ya sunkuya kan madubin duba jini sai ka rantse shi ya halicci jinin. Takardar bayanin da likita ke haɗowa da samfur kuwa, ƙarƙashin kofin shayinsa take ƙarewa. Idonsa ya ishe shi, in ji shi. Girman kai rawanin tsiya.

A daminar 2006 aka kawo masa ɓargon Sumayya, 'yar shekara shida daga Gangare. Wata biyu ke nan da gama maganin sankarar jini, har gashinta ya tsiro, uwarta Binta ta fara yi mata kitso. Adigun ya leƙa, ya ga ƙananan ƙwayoyi birjik, ya rubuta cewa ciwo ya dawo.

Dakta Ifeoma, sabuwar likitar yara, ta biyo shi da takardar da ya rubuta.

"Oga, ɓargon yaron da ya gama magani yakan fitar da sabbin ƙwayoyi masu kama da na ciwon. Ido ba ya rabe su. Mu aika waje a duba alamomin da ke jikinsu."

"Yarinya, wanda ya riga ki kwana zai riga ki tashi," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ta aika duk da haka. Amma babban likita ya saba da idon Adigun, bai jira ba, aka mayar da Sumayya kan magani mai ƙarfi. Kitson ya zube a tafin Binta. A sati na uku zazzaɓi ya shiga jikin da magani ya riga ya rarake, ya tafi da Sumayya.

Sakamakon ya iso ranar sadakar bakwai. Lafiyayyun ƙwayoyi ne, ɓargon yarinyar ne ke farfaɗowa.

Ifeoma ta ajiye wa Adigun sakamakon a tebur. Wannan karon dai ya karanta, har sau biyu. Da mutum ne mai kunya da ya ajiye aikin a ranar. Shi kuwa gyara zaman tabarau ya yi.

"To, ai na ce ƙanana ne."

Ya ɗora kofin shayinsa a kai.