Sha'aban, Mai Sauraron Inji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Safar, bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran aminina Malam Sha'aban makanike a gidansa da ke ƙauyenmu, kusa da Dawakin Tofa, bayan jinyar da ta cinye masa damina guda. Na gaji da rakiyar tsararrakina makabarta, amma taka, Sha'aban, ta fi mini zafi.

Sha'aban, tun muna samari kake gyara mini tsohuwar a-kori-kurar da nake kwasar kayan gonar mutane zuwa kasuwa. A wurinka na fara jin sunan roka, wannan ɗan ƙarfen da ke saman inji, yana sunkuyawa yana danna bawul, wato marfin da ke barin iska ta shiga ko hayaƙi ya fita, don ya buɗe. Ka sha ɗora mini guda biyu a tafin hannu. Ɗaya na farkon fitowa ne, ƙirar ƙarfe zalla, mai nauyi, da ɗan ramin da mai ke bi. Ɗayan na baya ne, faranti aka lanƙwasa, sakayau. Ni na baya nake yabo, don ana samunsa ko'ina. Kai kuwa ka ce na farko yakan yi ta ƙara kafin ya gaza, ya ba mutum hali ya isa gida, na baya kuma sai dai a ji ya tsage. Mun tsufa muna wannan musu, ba wanda ya sauka.

Ba zan manta shekarar da tumatir ya yi albarka ba. An loda mini kwanduna na gidaje da yawa, har da na zawarawa, inji ya ɗauke a bakin gari da rana tsaka. Na aika maka, ka zo ka buɗe, ka tarar roka biyu sun tafi. Irin na baya ne kawai a kasuwa, ka ce ba za su zauna daidai a injina ba, tumatir kuma ba ya jira. Sai ka nufi rumfar da ka ajiye motar marigayi mahaifinka, wadda ka daɗe kana tattara mata kaya da burin wata rana ka tashe ta. Ka kwance nata roka gaba ɗaya don ka ɗaura a injina. Na hana ka, ka ce: "Tata tafiyar za ta iya jira. Wannan abincin mutane ne."

Kafin Magariba kaya sun isa kasuwa. Irin waɗannan roka ba mu sake samu ba, duk da yawon da muka yi har Kano, motar mahaifinka kuma ba ta ƙara tashi ba. Ko sau ɗaya ba ka tayar mini da maganar ba.

Da na je duba ka makon jiya, numfashi yana yi maka wuya, amma ka ji tsayuwar motata a ƙofa. Ka ce inji yana ƙara, in kawo shi idan ka samu sauƙi. Na ce to.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Fadima, da ɗanka Jamil da ƙannensa, da dukan manoman da gumin hannunka ya taɓa. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya hutar da kai a Aljannar Firdausi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.