Filastar da Ta Kai Hajja Potiskum

Mun tashi da asuba daga unguwar Bolori a Maiduguri, ni da mahaifiyata Hajja, za mu Potiskum sunan 'yar da ƙanwata ta haifa. Kowa a gidanmu ya san Hajja da mota ba sa shiri. Ko Gamboru ta nan cikin gari ta je sai jiri ya kwashe ta, ta dawo tana amai. Shi ya sa tun da aka kai ƙanwar tawa ba ta taɓa ganin ɗakinta ba. Ga shi hanyar Damaturu yanzu ba a tsayawa a daji. Daga wannan shingen sojoji sai wancan, ko kuka kake direba ba zai taka birki ba.

Wani likita maƙwabcinmu ne ya duba ta, ya rubuta mata wata 'yar filasta mai magani, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ya ce a manna a bayan kunne tun jajibirin tafiya, a wanke hannu kada a taɓa ido. Da nake manna mata ta ce, "Kai, ciki ke juyawa, kana liƙa magani a kunne? Anya likitan nan ya ji bayanin?" Ta dai cika jakarta da leda da lemon tsami.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake hawa. Direbanmu, wani Babarbare mai fara'a, ya hango ledojin, ya gaishe ta da yarensu ya ce, "Wushe, Hajja. A daure don Allah, ba na tsayawa sai Benishek." Muka bi layi a ƙofar gari har sojoji suka buɗe hanya, masu ƙosai da kunu suna ta ciniki ta taga.

Muka wuce Auno, muka wuce Jakana, motar na faɗawa ramuka, ni kuwa idona na kanta. Shiru. Sai na ga ta ɗaga kai tana leƙen waje. Ga bangayen da aka ƙone, amma kusa da su ga sabon kwano yana ƙyalli, ga gero ya yi kai, mata suna tsinkar wake. A Mainok ta ce, "Ikon Allah! Ashe haka hanyar nan take? Ni da can cikin leda kawai na sani." Motar ta kwashe da dariya. Ƙorafinta ɗaya, bakinta na bushewa, sai kurɓar ruwa take.

A Damaturu matar da ba ta cin komai ranar tafiya ta sa na sayo mata tsire, har da cewa a ƙara yaji.

Da muka isa, ƙanwata ta fito da gudu ba takalmi, ta rungume ta tana kuka. Hajja ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallonta.

Jajibirin dawowa muka manna sabuwa a ɗaya kunnen. Washegari ta zaɓi kujerar taga, ta ɗan yi gyangyaɗi, muka shigo Maiduguri kafin a rufe hanya.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa ciwon da ake yi wa dariya a gida yana iya tsare mutum shekaru, alhali maganinsa yana nan kusa. Yanzu kuma ni ne a wahala: Hajja ta ce in tambayo likita ko filastar tana aiki a kwalekwale, don ranar da hanyar Baga ta lafa, Tafkin Chadi za ta.