Karen da Na Raba da Mama

Ni ne na raba mahaifiyata da karenta. Babu wanda ya sa ni, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsakiyar shekarun saba'in ne. Na gama makarantar horon malamai, an ba ni aji a Kafanchan, ga sabon keke, ga Littafi Mai Tsarki a hammata, sai kai ya kumbura. Ƙarshen wata nakan je ƙauyenmu, can gefen Manchok, inda Mama take zaune tun rasuwar Baba, daga ita sai wani farin kare mai karyayyen kunne.

Abin da ya tsone mini ido shi ne, in ta tuƙa tuwon acca, kafin ta kai loma baki sai ta gutsura ta ajiye a ƙasa, tana magana ƙasa-ƙasa da yarenmu, kare ya zo ya ɗauka. Haka kakanninmu suke ba matattu rabonsu kafin zuwan bishara. Ni kuwa sarkin sani, nan take na yanke hukunci cewa Mama ta ɗauka kurwar Baba ce a jikin karen nan. Tsafi a gidan malami! Me dattawan ekklisiya za su ce?

Na ce, "Mama, wannan ba halin masu bi ba ne."

Ta ce, "Malam, wanda ya yini da ni a gona, in ci in bar shi yana kallo? Godiya nake yi wa Allah, tawa da tasa, tunda shi ba shi da baki."

Ko a jikina. Wata ranar kasuwa, tana bayan gida tana shanyar citta, na ɗaura masa igiya na miƙa wa wani mutumin Godogodo da na sani, kyauta. Karen bai yi gardama ba, har lasar hannuna yake yi. Da Mama ta shigo na gaya mata, har da buga ƙirji. Ta juyo wajen da nake, ta ce, "To."

Zuwana na gaba matar fasto ta tare ni a hanya. Ta ce, "Malam, lafiya Mama ta daina zuwa addu'ar safe? Ita da take riga kowa."

Na shiga gida da faɗa-faɗa. Na same ta tana ɓare gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Hanyar ce ba na gani."

Ashe yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, ta ɓoye mini don kada in kwashe ta zuwa gari. Farin karen nan take hangowa dishi-dishi a gabanta, shi take bi ta tsakanin duwatsu, ta tsallake rafi, har ƙofar majami'a. Na sha ganinsa kwance a wurin yana jiran a tashi, ban taɓa tambayar kaina me ya kawo shi ba. Wato ni mai kishin Ubangiji, ni na hana ta zuwa gidan Ubangiji. Wayyo ni!

Washegari na taka keke har Godogodo. Mutumin ya yi ta sosa ƙeya, ya ce sun yi baƙi, kare ya shiga tukunya, ai ya zaci don haka na ba shi. Ko zaginsa ban iya yi ba. Da wane bakin?

Ban gaya wa Mama ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ran Lahadi na ce ta kama gefen rigata mu tafi sujada. Muna tafe tana tuntuɓe, ina ta cewa ta yi hankali, har muka kai bakin rafi. Nan ta saki rigar, ta tsaya tana haki.

Ta ce, "Ɗana, kai sauri gare ka. Shi yakan tsaya ya jira ni."