Ƙwan da Ban Sata Ba

Duk ranar da aka zuba wa kaza tafasasshen ruwa za a fige ta, warin jiƙaƙƙen gashin nan sai ya sa bayan hannuna na dama ƙaiƙayi. Akwai tabo a wurin, dogo, faɗin wuƙa. Da wannan hannun na koyi riƙe fensir a makarantar manya, ina da jikoki, kuma tun ranar na ƙudura sai na rubuta yadda aka yi shi.

A Zongon Kumasi aka haife ni. Babana falke ne, kullum yana hanyar goro, sai ya bar gidan a hannun ƙanensa, Baffa, wanda bai cika shekara da zuwa daga ƙasar Hausa ba. Baffa na fama da tari, aka ce ya riƙa shan ɗanyen ƙwai da zuma kowace safiya. Kaka, uwarsu, tana da kaji shida, ni ke buɗe akurki in kwaso ƙwai. Kwasowa kawai. A zamaninmu ba a ba yaro ƙwai, wai in ya ɗanɗana zai tashi ɓarawo.

Sanyin Kumasi a tsakiyar damina yake zuwa. Rana ta ɓuya kwana da kwanaki, yayyafi ba ya ɗaukewa, gishiri ya jiƙe a ƙwarya, koko ya huce kafin ka kai shi baki. Kaji sai su takure a gindin bango, su kumbura, gashi na zuba. Abin da suka ci duk a ɗumama jiki yake ƙarewa. Ƙwai ya ragu, ya koma ɗaya, ya ɗauke.

Baffa bai san wannan ba. Shi a garinsu da damina kaza ke zuba ƙwai. Safiya ta uku da na dawo hannu wofi, Kaka na kasuwa, ya damƙi wuyana.

"Ke, buɗe bakinki in shinshina."

Na ce ban ci ba. Ya ɗauko igiyar ɗaure huhun goro, ya jiƙa ta, ya yi ta zabga min har zanena ya faɗi. Ban amsa laifin ba, don babu laifin da zan amsa. Inna, mahaifiyata, na bakin murhu, kanta a sunkuye. Ni ce 'yar fari, kunya ba ta bari ta buɗe baki a kaina. Na daɗe ban yafe mata ba, ba zan ɓoye muku ba.

Sai Baffa ya tura wuƙa cikin garwashi. Ya ce hannun da ya fara da ƙwai, da akuya zai ƙare. Ya take min yatsu da ƙafa, ya ɗora wuƙar a bayan hannuna. Na ji ƙaurin naman jikina kafin in ji zafin.

Ihuna ya ci karo da Kaka a ƙofar gida. Ta yar da tallan dokunu, dafaffen ƙullun masara, da ke kanta, ta ɗauke Baffa da mari a gaban matan gida, ƙato da gemunsa. Ta shiga akurki ta fizgo jar kazarta, wadda ta fi kowacce ƙwai, wadda take ba tsaki a tafin hannu.

"Tunda wuƙa na hannunka, yanka."

Ya tsaya.

"Na ce yanka, marar kai!"

Ya yanka. Kazar ba ta gama shure-shure ba Kaka ta tsoma ta a ruwan zafi, ta tsage cikin da hannunta, ta tura masa a fuska. Kazar da ke kan yin ƙwai, za ka ga gwaiduwa jere a cikinta, manya da ƙanana. Wannan babu komai sai 'yan ƙwayoyi kamar gero.

"Nuna min abin da ta sata."

Bai nuna ba. Haƙuri ma bai ba ni ba har ya mutu.

Da sanyi ya wuce, rana ta dawo, kaji suka murmure, Kaka ta dafa ƙwan farko, ta ɓare, ta zaunar da ni a tabarmar Baffa yana tari. Ta ce, "Cinye. Kin riga kin biya kuɗinsa da wuta." Na cinye ina kallon idonsa.

Yau jikokina na tsayawa wurin mai shayi a soya musu uku-uku, har su bar saura a faranti. Ba na hana su. In kajina sun ɗauke ƙwai da sanyi, nakan ƙara musu dusa, in toshe akurki da tsumma, in jira rana. Wanda duk ya ɗaga wa yaro hannu a gidana kuwa, wannan hannun nake fara miƙa masa ya duba.