Maɓallin "Koma Baya"

A shekarun da taki ya gagari manoma na bar gidan rediyo, na kama aiki da wani kamfani mai haɗa manhajar karatu a waya. Manufar ita ce magidanci a ƙauyukan Tsanyawa ya zaɓi abin da yake son koya, karatun boko ko lissafin awo, ya bi shi da kansa ba malami a kansa. Ni ke gyara Hausar, kuma muryata ake ɗauka.

Shugaban aikin injiniya ne, tashin birni. Maɓallin da ke mayar da ɗalibi darasin da ya wuce, ya sa masa suna "Koma baya". Na ce masa a kunnen Bahaushe koma baya lalacewa ce, a sa "Bita", kalmar da duk wanda ya zauna gaban malami ya sani. Ya yi dariya gaban ma'aikata, ya ce an ɗauko ni in karanta ne, ba in yi tunani ba. Na karanta masa, da murya mai kyau.

Bayan girbi aka ga mutane suna wuce darussa ba sa maimaitawa, gwaji kuma yana kayar da su. Injiniyan ya rubuta wa masu ba da tallafi cewa muryata ce ba ta jan hankali, za a sauya ni.

Da suka zo duba aiki, Turawa biyu, ba mai yin tafinta sai ni. Aka zauna a inuwar ɗorawa bayan kasuwa. Suka tambayi wani dattijo mai noman gyaɗa dalilin da ba ya maimaita darasi.

"Malam, gaya musu," in ji dattijon, "bana gero ya koma baya, jakina ya koma baya, ni ma na koma baya. Sai kuma in sa yatsana in danna da kaina? Wanda ya rubuta wannan, a wace ƙasa aka yaye shi?"

Injiniyan ya kalle ni. Na gane kallon. Tafinta kan rage wa magana kaifi, ni ma na sha yi. Ran nan ko wasali ban rage ba. Har tambayar yaye na fassara, na ƙara da bayanin ma'anar "koma baya" a natse, kamar ina karanta labarai. Ɗaya daga cikinsu, Baturiya, ta tambayi wanda ya zaɓi kalmar. Na bar injiniyan ya amsa.

Ba a sauya ni ba. Shi aka cire daga aikin kafin damina, kuma har yau ban ji tausayinsa ba.