Kawu Isufu da Tafsirin Attaura

Wata Asabar ce a cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu a lakkwal. Ina tsakar gidanmu na Lamorde ina tsinke zogalen da Kaka za ta dafa, sai ga Kawu Isufu ya shigo rungume da takardu a cikin leda. Ƙanen mahaifiyata ne, yana karatun tarihi a jami'a. Ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya ya baje su, ni kuwa na ture kwanon na matso. Rubutun ba na allo ba ne, ba kuma boko ba, amma daga dama yake farawa. Manyan baƙaƙe a tsakiya, ƙanana sun kewaye su, ga fassarar Faransanci a gefe. Ya ce Attaura ce, Yahudawa sun raba ta kashi-kashi, kowane mako da nasa, ƙananan kuma tafsirin malamansu ne. Shi ma a lokacin ya fara, yana bi da yatsa yana tuntuɓe.

Tun daga ranar, kowace Asabar nakan gama shara da wanke-wanke da wuri, ko ƴan gaɗa sun kira ni ba na fita. Kaka dai hankalinta bai kwanta ba. Tsoronta kada ɗanta ya bar addini, har ta ce wa mahaifiyata in bai daina ba sai dai ya koma ɗakin ɗalibai.

A makon Annabi Nuhu, Kawu ya karanto inda aka ce mutumin kirki ne a zamaninsa. Ya ce malaman sun rabu a kan "a zamaninsa". Wasu sun ce yabo ne, tunda ya tsaya daidai a tsakiyar lalatattu, wasu kuma sun ce da a zamanin Annabi Ibrahim yake, da ba a lura da shi ba. Na ce, "Kawu, wa ya ci?" Ya ce duka biyun aka rubuta, ba a goge ko ɗaya ba. Na yi ta mamaki, don a ajinmu amsa ɗaya mushe, wato malaminmu, yake karɓa.

Sai muka ji Kaka daga bakin murhu: "Mutumin da ya sassaƙa jirgi ana yi masa dariya? Karanto mini hujjar wancan malamin in ji!" Ta jawo kujera, suka yi ta musu har aka kira la'asar. Kawu ya tashi ya ɗauki buta, ta bi shi da kallo, ba ta ƙara maganar korarsa ba.

Yanzu Kaka ta riga ta rasu, Kawu yana koyarwa a Damagaram. Ƴaƴana kan tambayi waya ta ba su amsa kafin su rufe baki. Ni har yanzu ina kewar lokacin da nakan kwana bakwai da tambaya ɗaya a raina.